Archibald Cox: Farfesan da ya ja da shugaban ƙasa, ya ƙare rayuwarsa yana ja da kuɗin siyasa

A tarihin siyasar Amurka an fi tunawa da Archibald Cox saboda dare guda, daren Asabar 20 ga Oktoba, 1973, lokacin da Shugaba Richard Nixon ya ba da umarnin a kore shi daga binciken badaƙalar Watergate. Manyan jami'an Ma'aikatar Shari'a biyu suka gwammace su ajiye muƙamansu da su aiwatar da umarnin, sai na uku ne ya sa hannu. Amma wata biyar kacal Cox ya yi a kan wannan aiki. Alaƙarsa da tsangayar shari'a ta Jami'ar Harvard a matsayin malami ta kusa shekara arba'in, kuma ƙarshen rayuwarsa ya tafi ne a kan tambayar da Watergate ta tono: wa ke biyan kuɗin yaƙin neman zaɓe, kuma me yake karɓa a madadin kuɗinsa?

Ɗan gado a gidan lauyoyi

An haife shi ranar 17 ga Mayu, 1912, a garin Plainfield na jihar New Jersey. Mahaifinsa lauya ne. Kawunsa, Maxwell Perkins, shi ne fitaccen editan da ya tace littattafan Ernest Hemingway da F. Scott Fitzgerald. Kakan mahaifiyarsa kuwa, William Evarts, yana cikin lauyoyin da suka kare Shugaba Andrew Johnson sa'ad da aka nemi tsige shi a 1868. Bayan sama da shekara ɗari, tattaɓa-kunnensa ya tsaya a ɗaya ɓangaren, yana binciken wani shugaban.

Cox ya kammala digirinsa na farko a Harvard a 1934, ya kammala na shari'a a 1937. A shekarar ya auri Phyllis Ames, jikar wani tsohon shugaban tsangayar, sannan ya yi shekara guda yana taimaka wa Alƙali Learned Hand, ɗaya daga cikin alƙalan da aka fi girmamawa a zamanin. Hand mutum ne da ya yi imani cewa bai kamata alƙali ya ɗora son ransa a kan doka ba, ko ya yi gaggawar rushe abin da zaɓaɓɓun wakilan jama'a suka zartar. Wannan tarbiyya ta bi Cox har ƙarshen rayuwarsa, kuma ita ce ginshiƙin hujjar da zai kafa daga baya a kan dokar kuɗin zaɓe.

Bayan ɗan zama a wani kamfanin lauyoyi a Boston da aikin gwamnati lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya koma Harvard a 1945 ya fara koyarwa. Fanninsa na farko dokokin ƙwadago ne. Littafin koyarwa da ya wallafa a 1948 ya zama abin dogaro a makarantun shari'a da dama. Ɗalibansa sun san shi da tsauri da rashin wasa a aji, da kuma jan ɗalibi da tambayoyi har sai ya gano raunin hujjarsa da kansa.

Murabus na farko

A 1952, ana tsakiyar yaƙin Koriya, Shugaba Harry Truman ya naɗa shi shugaban hukumar daidaita albashi. Ƙungiyar masu haƙar kwal ta cimma yarjejeniyar ƙarin dala 1.90 a rana. Hukumar ta ce ƙa'idar yaƙi da hauhawar farashi ba ta yarda a wuce dala 1.50 ba. Truman ya yi watsi da shawarar hukumar, ya amince da cikakken ƙarin. Cox ya ajiye aiki bayan wata huɗu kacal, ya koma aji. Bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma a wurinsa hukumar da shugaban ƙasa zai iya take hukuncinta don biyan buƙatar siyasa ta rasa dalilin wanzuwarta.

A shekarun da suka biyo baya ya zama mashawarcin Sanata John F. Kennedy kan dokokin ƙwadago, kuma a zaɓen 1960 ya jagoranci rukunin malaman jami'a da ke shirya wa Kennedy bayanai da jawabai. Da Kennedy ya ci zaɓe, ya naɗa shi babban lauyan da ke tsaya wa gwamnatin tarayya a Kotun Ƙoli, muƙamin da ya riƙe daga 1961 zuwa 1965. Ya yi magana da yawun gwamnati a shari'ar Baker da Carr ta 1962 da ta Reynolds da Sims ta 1964, waɗanda suka tilasta sake fasalin mazaɓu ta yadda ƙuri'ar kowane ɗan ƙasa za ta yi nauyi ɗaya da ta ɗan'uwansa. Ya kuma kare dokar haƙƙin jama'a ta 1964, wadda ta haramta nuna wariyar launin fata a otal-otal da gidajen abinci.

Bai tsira daga suka ba. Wasu daga cikin na kusa da Robert Kennedy sun ga yana jan ƙafa, domin ya yi ta ɗari-ɗari da neman kotu ta yi tsalle mai nisa a batun mazaɓu, yana tsoron kada ta zubar da kimarta. Kotun ta yi nisan da shi bai zaci za ta yi ba. Duk da haka, aƙidar daidaiton ƙuri'a ta zauna masa a zuciya, kuma daga cikinta ne damuwarsa da kuɗin siyasa ta tsiro: idan kowa ƙuri'a ɗaya yake da ita, yaya matsayin wanda ke iya sayen kunnen ɗan takara da dala miliyan?

Kuɗin da ke ƙarƙashin Watergate

Mutane da yawa suna ɗaukar Watergate a matsayin labarin ɓarayi biyar da aka kama a ofishin jam'iyyar Democrat ranar 17 ga Yuni, 1972. Amma zaren da ya haɗa ɓarayin da Nixon kuɗi ne. An gano cakin dala 25,000 na gudummawar kamfe a asusun bankin ɗaya daga cikinsu. Sabuwar dokar bayyana sunayen masu ba da gudummawa ta fara aiki ne ranar 7 ga Afrilu, 1972, kuma kafin ranar kwamitin sake zaɓen Nixon ya yi ta tara miliyoyin daloli a asirce, da yawa tsabar kuɗi. Daga irin wannan kuɗi aka biya masu leƙen asiri, daga baya kuma aka toshe bakin waɗanda aka kama.

A watan Mayu na 1973 Antoni Janar Elliot Richardson, wanda tsohon ɗalibinsa ne, ya naɗa Cox mai gabatar da ƙara na musamman. Mutanen Nixon sun ɗauke shi ɗan gidan Kennedy ne da aka turo don ramuwa. Cikin rassan da ya kafa a ofishinsa har da wanda ke bin diddigin gudummawar kamfe. Tun 1907 doka ta haramta wa kamfanoni ba 'yan takarar tarayya kuɗi, amma an daɗe ana kauda kai. Cox ya sanar cewa kamfanin da ya kawo kansa zai samu sassauci. Kamfanin jiragen sama na American Airlines ya fara amsa cewa ya ba da dala 55,000 daga asusunsa, kuma a watan Oktoba shi da Goodyear da 3M suka amsa laifi a kotu.

A watan Yuli aka gano cewa Nixon na naɗar hirarrakin ofishinsa. Cox ya aika sammacin neman faya-fayai tara. Alƙali John Sirica ya ba shi gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ma haka. Nixon ya kawo tayin sulhu: a ba da taƙaitaccen rubutu, wani dattijon sanata mai suna John Stennis ya saurari faya-fayan ya tabbatar, shi kuma Cox ya daina neman wasu. Cox ya ƙi, ya bayyana dalilansa a taron manema labarai. Kafin dare ya raba, Richardson da mataimakinsa William Ruckelshaus sun bar aiki, Robert Bork ya kore shi. Fushin jama'a ya tilasta naɗa magaji, Leon Jaworski. A watan Yulin 1974 Kotun Ƙoli ta umarci Nixon ya miƙa faya-fayan, kuma ranar 9 ga Agusta ya sauka daga mulki.

Shari'ar da ta raba gardama gida biyu

Majalisa ta mayar da martani da gyaran dokar zaɓe ta 1974. Ta ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai ba ɗan takara fiye da dala 1,000 a kowane zaɓe ba. Ta sa iyaka ga abin da ɗan takara zai kashe, da abin da zai ɗebo daga aljihunsa, da abin da wani zai kashe don tallata shi ba tare da haɗin baki da shi ba. Ta samar da tallafin gwamnati ga 'yan takarar shugaban ƙasa, ta kuma kafa hukumar da za ta sa ido.

Waɗanda suka kai ƙara ba 'yan ɓangare ɗaya ba ne. Akwai Sanata James Buckley, ɗan ra'ayin riƙau, akwai kuma Eugene McCarthy, wanda ya ƙalubalanci Shugaba Lyndon Johnson a 1968 kan yaƙin Biyetnam da taimakon wasu 'yan tsirarun attajirai. Hujjarsu tana da ƙarfi: ba wanda zai isar da saƙo ga miliyoyin mutane ba tare da kuɗi ba, don haka taƙaita kuɗi taƙaita magana ne, kuma mai riƙe da kujera, wanda kowa ya riga ya san shi, shi zai ci moriyar iyakar.

Cox ya rubuta hujja a madadin Sanata Hugh Scott da Sanata Edward Kennedy, ɗaya ɗan Republican ɗaya ɗan Democrat, ya kuma tsaya gaban kotun ranar 10 ga Nuwamba, 1975. Matsayinsa shi ne dokar ba ta hana kowa faɗin ra'ayinsa ba, ba ta kuma fifita wani ra'ayi a kan wani ba. Abin da ta taɓa shi ne yawan kuɗi. Muddin tsadar kamfe na hauhawa, ɗan takara zai ci gaba da zama mabuƙaci a ƙofar masu hannu da shuni, kuma bashin da ya ci zai biyo shi ofis. Majalisa, wadda mambobinta suka fi kowa sanin wannan matsi, ta cancanci kotu ta girmama hukuncinta.

Ranar 30 ga Janairu, 1976, kotun ta yanke hukunci a shari'ar Buckley da Valeo. Ta amince da iyakar gudummawa, da tilasta bayyana sunaye, da tallafin gwamnati, domin hana cin hanci ko abin da ya yi kama da shi. Amma ta rushe duk iyakar da aka tilasta a kan kashe kuɗi, ta kuma yi watsi da hujjar cewa gwamnati na iya rage muryar wasu domin ta wasu ta fito. Sakamakon ya zama tsari mai ƙafa ɗaya. Ƙishirwar ɗan takara ba ta da iyaka, amma an ƙuntata bakin tulun da yake sha. Attajiri na iya zuba dukiyarsa yadda ya so, wanda ba shi da ita kuwa sai ya kwana yana roƙo. Kwamitocin tara kuɗin siyasa, waɗanda ba su wuce kimanin 600 ba a 1974, sun haura 4,000 cikin shekara goma.

Shekaru goma sha biyu a Common Cause

Cox ya ci gaba da koyar da tsarin mulki, yana rubutu yana sukar wannan hukunci da wanda ya biyo bayansa a 1978, wanda ya ba kamfanoni damar kashe kuɗi a ƙuri'ar raba gardama. A 1977 ya kare Jami'ar California a shari'ar Bakke kan ba tsiraru fifiko wajen ɗaukar ɗalibai. A 1980 ya zama shugaban Common Cause, ƙungiyar farar hula da John Gardner ya kafa a 1970, wadda ƙararta ce ta tilasta wa kwamitin Nixon bayyana masu ba shi kuɗin asiri. Ya riƙe ta har 1992. Da ya kai shekarun ritaya a Harvard a 1984, ya koma koyarwa a Jami'ar Boston.

A kotu nasara ba ta zo ba. Ƙarar da ƙungiyar ta shigar kan kuɗin da ƙungiyoyi masu zaman kansu suka kashe wa Ronald Reagan a 1980 ta ƙare da alƙalai huɗu da huɗu a 1982, kuma a 1985 kotun ta rushe wannan iyaka gaba ɗaya. A majalisa ne tasirin ya fi bayyana. A ƙarƙashinsa ƙungiyar ta nemi a binciki Kakakin Majalisar Wakilai Jim Wright, ɗan Democrat, wanda ya yi murabus a 1989. Ta kuma nemi a binciki sanatoci biyar da suka sa baki wurin hukumomi saboda Charles Keating, mai bankin da ya durƙushe, bayan sun amfana da gudummawar kimanin dala miliyan 1.3 daga gare shi da mutanensa. Huɗu daga cikinsu 'yan Democrat ne, jam'iyyar da Cox ya yi wa aiki. Na biyar, John McCain, ya fito daga abin kunyar ya zama jagoran gyara, kuma dokar da ke ɗauke da sunansa da na Russ Feingold ta 2002 ta haramta wa jam'iyyu na ƙasa karɓar gudummawar da ba ta da iyaka.

Cox ya rayu har ya ga Kotun Ƙoli ta tabbatar da mafi yawan wannan doka a watan Disamba na 2003, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Ya rasu ranar 29 ga Mayu, 2004, a gidansa da ke Brooksville, jihar Maine, yana da shekara 92. A wannan rana ce kuma Samuel Dash, babban lauyan kwamitin Majalisar Dattawa kan Watergate, ya rasu.

Kusan shekara shida bayan haka, a shari'ar Citizens United ta 2010, kotun ta buɗe wa kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago ƙofar kashe kuɗi ba iyaka, muddin ba su haɗa baki da ɗan takara ba, tana jingina da bambancin da aka shata a 1976. Rabin abin da Cox ya kare, wato iyakar gudummawa ga ɗan takara da bayyana sunayen masu bayarwa, yana nan a doka har yau. Ɗaya rabin, wanda ya sha kaye a kansa, shi ne ƙofar da biliyoyin daloli ke bi suna shiga zaɓen Amurka a kowace kaka.