Ignaz Semmelweis (1818–1865): Likitan da Ya Wajabta Wanke Hannu a Ɗakin Haihuwa

An haifi Ignaz Semmelweis a Buda, ƙasar Hangari, a shekarar 1818. Yana aiki a Babban Asibitin Vienna ya lura cewa zazzaɓin jego ya fi hallaka mata a sashen likitoci fiye da na ungozomomi. Bincikensa ya nuna cewa likitocin kan duba masu naƙuda bayan sun feɗe gawa. A 1847 ya wajabta wanke hannu da ruwan sinadarin kulorin, nan da nan mace-macen suka ragu matuƙa. Duk da wannan hujja, akasarin takwarorinsa suka yi fatali da ra'ayinsa, har da littafinsa na 1861. Ya rasu a asibitin masu taɓin hankali a 1865, kafin ilimin ƙwayoyin cuta ya gaskata shi.