Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Samuel Okwaraji (1964–1989)

An haifi Samuel Okwaraji ranar 19 ga Mayu, 1964, a yankin Orlu da ke Jihar Imo ta yanzu. Yana matashi ya tafi Italiya neman ilimi, inda ya karanci fannin shari'a a birnin Rum, yana haɗa karatu da taka leda. Daga baya ya buga wa ƙungiyar Dinamo Zagreb ta tsohuwar Yugoslabiya da Klagenfurt ta Ostiriya da kuma Ulm ta Jamus.

A 1988 aka kira shi ƙungiyar ƙasa. A gasar cin kofin Afirka da aka yi a Maroko a shekarar, ya zura wa Kamaru ƙwallo tun ba a yi nisa da fara wasa ba. Ya kuma wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik na Seoul.

Ranar 12 ga Agusta, 1989, Nijeriya ta karɓi baƙuncin Angola a babban filin wasa na Surulere, Legas, a wasan neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 1990. A minti na 77 Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi, daga nan bai sake tashi ba. Shekarunsa 25. Binciken likitoci ya nuna zuciyarsa ta yi girma fiye da ƙima, kuma yana da hawan jini.

Me ke kayar da ƙaƙƙarfan ɗan wasa haka? Wani ɗan siginar lantarki ne ke tsara bugun zuciya. Idan zuciya mai lalura ta sha gudu mai tsanani, tsarin yakan rikice, sai ta riƙa makyarkyata maimakon tura jini. In ba a danna ƙirji an kawo na'urar farfaɗo da zuciya cikin 'yan mintuna ba, rai ya yi halinsa. Ga waɗanda suka haura shekara 35 kuwa, toshewar hanyoyin jinin zuciya ce ta fi jawo haka.

Don haka iyayenmu da ke buga ƙwallon Asabar a Kagarko da Kafanchan kada su daina, motsa jiki magani ne. Amma su riƙa auna jini, kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko faɗuwar gaba yana cikin gudu, ya fita fili ya ga likita. Zuciyar ɗan shekara 25 ma ta gaza, balle ta ɗan 50.