Tajuddin Ahmad: firaministan farko na Bangaladash da aka kashe a gidan kaso

Da asubahin 3 ga Nuwamban 1975, wasu sojoji suka kutsa babban gidan kason birnin Dhaka, suka bindige ƴan siyasa huɗu a ɗaki guda. Cikinsu har da Tajuddin Ahmad, wanda ya ja ragamar gwamnatin Bangaladash lokacin yaƙin neman ƴancin kai. Shekararsa 50.

An haife shi ranar 23 ga Yulin 1925 a ƙauyen Dardaria, yankin Kapasia. Ya karanci tattalin arziki a Jami'ar Dhaka, daga bisani ya haɗa da shari'a. A zaɓen 1954 ya kayar da babban sakataren jam'iyyar Muslim League na lardin, alhali bai kai shekara 30 ba. A 1966 ya zama babban sakataren Awami League, na hannun daman Sheikh Mujibur Rahman. Mujib ne gwanin jawabi a gaban taro. Tajuddin kuwa mutumin takardu da tsare-tsare ne, bai damu a gan shi ba.

Jam'iyyarsu ta lashe zaɓen Pakistan na 1970, amma sojoji suka ƙi miƙa mulki. A daren 25 ga Maris 1971 suka afka wa Dhaka, suka kama Mujib. Tajuddin ya ɓad da kama, ya tsallaka Indiya, ya gana da Indira Gandhi. Ranar 17 ga Afrilu aka rantsar da gwamnatin wucin gadi a wata gonar mangwaro kusa da iyaka, shi ne firaminista.

Daga Kalkata ya gudanar da yaƙin. A ɗakin da ke jikin ofishinsa yake kwana, domin ya ɗauki alkawarin ba zai zauna da iyalinsa ba sai ƙasa ta samu ƴanci. Ga ƴan gudun hijira kusan miliyan 10, ga neman makamai, ga ƴan jam'iyyarsa da ke yi masa zagon ƙasa. Sojojin Pakistan suka miƙa wuya ranar 16 ga Disamba.

Da Mujib ya dawo a Janairun 1972, Tajuddin ya sauka ba gardama, ya karɓi ma'aikatar kuɗi da tsare-tsare. Sannu a hankali dangantakarsu ta yi tsami. A Oktoban 1974, ana tsakiyar yunwa, Mujib ya umarce shi ya ajiye aiki, kuma bai samu gurbi a tsarin jam'iyya ɗaya da aka kafa a 1975 ba. Mujib ya yi asarar mai gaya masa gaskiya a lokacin da ya fi buƙatarsa.

Aka kashe Mujib ranar 15 ga Agusta 1975. Khondaker Mostaq Ahmad, wanda ya yi ministan harkokin waje a ƙarƙashin Tajuddin, ya hau kujerar shugaban ƙasa, kuma a zamaninsa aka tsare shi. Matarsa, Zohra Tajuddin, ita ce ta jagoranci sake haɗa kan Awami League a 1977.