Fulorens Naitingel: Baiwar Allah a Asibitin Sojoji

Karatu: Luka 10:30-37

Idan ka taɓa kwanciya a asibiti, ko kuwa ka yi jinyar wani naka, ka san darajar ma'aikaciyar jinya wadda takan zo da tsakar dare ta duba maras lafiya. Yau za mu dubi rayuwar matar da Allah ya yi amfani da ita ya ɗaukaka wannan aiki. Sunanta Fulorens Naitingel, mutuniyar Ingila. Duniya ta san ta da suna mai fitila, amma za ka ga cewa hidimarta ta wuce fitilar nesa.

An haife ta ran 12 ga Mayu, 1820, a birnin Fulorens na ƙasar Italiya, lokacin da iyayenta suke yawon buɗe ido, shi ya sa aka raɗa mata sunan birnin. Gidansu gidan arziki ne, suna da manyan gidaje biyu a Ingila. Mahaifinta da kansa ya koyar da ita da yayarta harsuna da tarihi, ita kuwa ta fi son lissafi. Abin da ake sa rai daga budurwa irinta a wancan zamani shi ne ta auri mai hali, ta riƙe gida, ta karɓi baƙi.

A watan Fabrairu na 1837, tana da shekara 16, ta tabbata a ranta cewa Allah ya kira ta ga hidimarsa. Ba ta san ko wace irin hidima ba ce tukuna. Sannu a hankali, sa'ad da take ziyartar marasa lafiya a ƙauyukan da ke kusa da gidansu, ta gane cewa jinya ce aikinta. A 1845 ta nemi izinin iyayenta ta je asibitin Salisbury ta koyi aikin. Suka ƙi ƙememe. Kada ka yi saurin ba su laifi. A lokacin nan asibitoci wuraren ƙazanta ne, talakan da ba shi da kowa ne yake zuwa can, masu jinya kuwa ba su da horo, an kuma san da yawa daga cikinsu da shaye-shaye. A idon mahaifiyarta, wannan zubar da mutuncin gida ne.

Fulorens ta jira, amma ba ta naɗe hannu ba. Ta riƙa karanta rahotannin asibitoci da na lafiyar jama'a a ɓoye. Wani sanannen mutum mai suna Richard Monckton Milnes ya daɗe yana neman aurenta, tana kuwa ganin girmansa, amma ta ƙi, gama ta ga auren zai rufe ƙofar kiranta. A 1850 ta ziyarci Kaiserswerth a ƙasar Jamus, inda wani fasto mai suna Theodor Fliedner ya kafa gidan horar da mata masu hidimar ikkilisiya domin su kula da marasa lafiya da marayu. Ta koma can a 1851 ta yi kimanin wata uku tana koyon aiki. Sai a 1853 ta sami aikinta na fari, shugabancin wani ƙaramin asibitin mata a Landan. Ka lissafa da kanka: shekara 16 ke nan tsakanin kiran da buɗewar ƙofa. Idan kai ma kana jira, ka lura da yadda ta yi nata jiran.

A 1853 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da daular Turkiyya. A watan Maris na 1854 Ingila da Faransa suka shiga a gefen Turkawa, aka kai faɗan yankin Kirimiya a bakin Bahar Aswad. Bayan gumurzun Alma a watan Satumba, jaridar The Times ta fara buga labarin halin da sojojin Ingila masu rauni suke ciki: babu isassun likitoci, babu bandeji, babu masu jinya, alhali Faransawa suna da sistoci masu kula da nasu. Hankalin jama'a ya tashi. Sidney Herbert, sakataren harkokin yaƙi, wanda ya san Fulorens, ya roƙe ta ta jagoranci ƙungiyar mata zuwa can. Ran 21 ga Oktoba, 1854, ta tashi da mata 38, a cikinsu har da sistocin Katolika da na Angilikan. A farkon Nuwamba suka sauka a Sukutari.

Sukutari tana tsallaken ruwa daga tsakiyar Istambul, ba a filin daga take ba. Sojan da aka ji wa rauni a Kirimiya sai an sa shi a jirgin ruwa ya ƙetare Bahar Aswad, tafiyar kwanaki, yana kwance a kan katako cikin sanyi. Da yawa sukan mutu a hanya. Wanda ya isa da rai, akan kai shi wani babban barikin sojan Turkawa da aka mayar asibiti. Layin gadaje da shimfiɗu a ciki ya kai tsawon mil huɗu. Mutane suna kwance cikin kayan sojan da suka zo da su, jini ya bushe a jiki, ƙwarƙwata da ɓeraye ko'ina. Babu sabulu, babu tawul, babu isassun barguna. Ginin kuwa yana zaune a kan magudanan ƙazanta da suka toshe, iska tana turo warin cikin ɗakunan majinyata.

Likitocin soja ba su yi maraba da ita ba. A ganinsu mace ba ta da wuri a asibitin soja. Fulorens ta hana matanta taɓa kowane maras lafiya sai likita ya nema, ko da yake hakan ya yi musu zafi ƙwarai. Suka zauna suna ɗinka shimfiɗu, suna shirya bandeji. Ba a daɗe ba jiragen ruwa suka fara sauke ɗaruruwan masu rauni daga faɗan Balakalaba da na Inkaman, aikin ya fi ƙarfin likitoci, sai suka nemi taimako da bakinsu. Haƙurinta ya buɗe mata ƙofar da gardama ba za ta buɗe ba.

Yanzu ka dubi irin aikin da 'yar masu arziki ta sa hannu a ciki. Ta sayi buroshi 200 domin wanke daɓe. Ta kama hayar gida, ta sa tukwanen ruwan zafi, ta ɗauki matan sojoji aikin wankin tufafi. Ta buɗe ɗakin girki na musamman domin waɗanda cikinsu ba ya iya karɓar abincin bariki. Da kuɗin da masu karanta The Times suka tara, da kuma nata, ta sayo riguna, safa, cokula, kwanoni da tawul daga kasuwannin Istambul, gama ma'ajin soja ya cika da ƙa'idodin takarda har kaya sukan ruɓe kafin a sa hannu a fitar da su. Takan tsaya kusa da soja sa'ad da ake yanke masa ƙafa. Takan rubuta wa uwaye da matan aure wasiƙa ta gaya musu yadda nasu ya cika. Da dare, bayan sauran mata sun koma masauki, takan ɗauki fitilar takarda irin ta Turkawa ta zaga ɗakunan. Daga nan sunan mai fitila ya fito.

Amma ga abin da ba a cika faɗa ba. Duk da wannan wahala, mutuwa ba ta ragu ba a wannan hunturu, ƙaruwa ma ta yi. Sojoji fiye da 4,000 suka mutu a Sukutari a hunturun farko. Mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba. Atuni ne, da kwalara, da taifot, da zazzaɓin da ƙwarƙwata take yaɗawa. A watan Fabrairu na 1855, cikin kowane mutum 100 da aka kwantar, kimanin 42 suna mutuwa. Majinyata sun sami riga mai tsabta da abinci mai ɗumi da hannu mai taushi, amma ruwan da suke sha da iskar da suke shaƙa suna kashe su.

A watan Maris na 1855 gwamnati ta aiko da kwamitin tsabta, a cikinsa akwai Dakta John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka buɗe magudanai suka wanke su, suka kwashe tarin shara da mushen dabbobi, har suka tarar da mushen doki a hanyar ruwan da asibitin yake sha. Suka huda wuraren shigar iska, suka shafe bango da farar ƙasa, aka rage cunkoso. Kafin watan Yuni, mutuwa ta sauko zuwa kimanin 2 cikin 100.

A watan Mayu na wannan shekara Fulorens ta ƙetara zuwa Kirimiya domin ta duba asibitocin da ke kusa da daga. Can ta kamu da zazzaɓi mai tsanani har ta kai bakin mutuwa. Masana a yau suna ganin cutar da ake ɗauka daga madarar dabbobi ce. Aka ba ta shawara ta koma gida, ta ƙi. Ta ci gaba da aiki, ta buɗe wa sojoji masu murmurewa ɗakin karatu, ta shirya musu hanyar aika albashinsu gida maimakon ya ƙare a mashaya. Yaƙin ya ƙare a watan Maris na 1856, amma ba ta tafi ba sai da aka kwashe majinyata. A watan Agusta ta shiga Ingila da sunan aro domin ta guje wa bikin tarba, ta taka da ƙafa daga tashar jirgin ƙasa zuwa gidansu.

Wani da ya sami irin wannan suna sai ya zauna ya ci moriyarsa. Ita kuwa ta zauna da wani masanin ƙididdiga mai suna William Farr suka bi lissafin matattu ɗaya bayan ɗaya. Lissafin ya nuna cewa ciwo ya kashe sojojin Ingila kimanin 16,000 a wannan yaƙi, ninki da yawa na waɗanda makami ya kashe, kuma asibitin da ita kanta ta yi hidima a ciki yana cikin wuraren da mutuwa ta fi yawa. Ya kuma nuna cewa ko a lokacin salama, matasan sojoji a barikokin Ingila suna mutuwa kusan ninki biyu na tsaransu farar hula. Ba ta ɓoye wannan gaskiya mai ɗaci domin ta kāre sunanta ba. Ta zana lissafin a hoto mai launi yadda ko wanda bai iya lissafi ba zai gane, ta aika wa manya. Ta gana da Sarauniya Biktoriya a 1856, ta matsa har aka kafa kwamitin bincike a kan lafiyar soja a 1857.

Daga wannan shekara ciwon da ta ɗauko ya kwantar da ita, ta yi shekaru masu yawa da ƙyar take fita daga ɗakinta. Daga kan gado ta yi mafi yawan aikin da ya canza duniya. Da kuɗin da jama'a suka tara domin girmama ta, kimanin fam 45,000, aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860. A shekarar nan kuma aka buɗe makarantar likitocin soja. Aka fara gina asibitoci bisa tsarin da ta koyar, dogayen ɗakuna a rarrabe, da tagogi a kowane gefe domin iska da haske. Ta bi diddigin ruwan sha da magudanai a barikoki da ƙauyukan Indiya, ko da yake ba ta taɓa zuwa can ba. Ta tura horarrun mata gidajen gajiyayyu, domin ta gaskata cewa matalauci maras lafiya ya cancanci jinya daidai da kowa.

A 1907 ta zama mace ta fari da aka ba lambar girma ta Order of Merit. Ta rasu a Landan ran 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. Aka nemi a binne ta a Westminster tare da sarakuna da manyan ƙasa, amma danginta suka bi nufinta, aka binne ta a harabar wata ƙaramar majami'a a ƙauyen East Wellow. Haruffa biyu na sunanta da ranakun haihuwa da mutuwa kaɗai aka rubuta mata. Har wa yau, ran 12 ga Mayu, ranar haihuwarta, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya.

Abin tunani

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ka sāke duban Basamariyen da ke cikin karatunmu. Ya ji tausayi, ya ɗaure raunuka, sa'an nan ya ɗauki mutumin zuwa masauki, ya biya kuɗi, ya kuma shirya yadda za a ci gaba da kula da shi bayan ya tafi. Haka jinƙan Fulorens ya kasance. Ya fara daga bakin gado, ya gangara har cikin magudanar ƙazanta, ya kuma zauna a kan tebur yana ƙirga matattu domin waɗansu su rayu.

Mu masu bi mun iya zuwa gaishe da maras lafiya, mu yi masa addu'a, wannan kuwa abu ne mai kyau. Amma ka taɓa tambaya wane irin ruwa yake sha? Ka taɓa duba ko akwai sabulu a gidan, ko gidan sauro, ko kuɗin cika magani? Idan yara suna ta yin gudawa a unguwarku kowace damina, wa zai tashi ya duba rijiyar da kwatar? Ka kuma tuna da sojojin da suka dawo daga daga da rauni a jiki ko a zuciya, da gwaurayen waɗanda ba su dawo ba. Wataƙila akwai ɗaya a ikkilisiyarku wanda ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofarsa tun da aka gama zaman makoki. Ka je wurinsa a wannan mako.

Addu'a

Ya Ubangiji Allah, mun gode maka domin likitoci da ma'aikatan jinya, musamman waɗanda suke hidima a wuraren yaƙi. Ka tsare su, ka ƙarfafa su. Ka warkar da masu rauni, ka ta'azantar da iyalansu. Ka ba mu haƙuri a lokacin jira, da tawali'u mu yi aikin da ba mai gani, da ƙarfin hali mu karɓi gaskiya ko da ta yi mana ɗaci. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.