Aɗa'u bin Abi Rabah: tsohon bawan da sarki ya zauna ya jira

Kwanakin baya na raka wani dattijo ɗan unguwarmu wani ofis a nan Legas. Muna isa ƙofa maigadi ya kalle shi sama da ƙasa, ya ga tsohuwar riga da silifa, sai ya ce masa aboki, nan ba wurin bara ba ne. Mutumin nan fa shi ke ja mana sallah, kuma ya aurar da 'ya'yansa da guminsa. Bai ce uffan ba, ni ne dai na kwana da abin a raina. A daren nan na tuna da Aɗa'u bin Abi Rabah, Allah ya ji ƙansa, na ga ya kamata in ba 'yan'uwa tarihinsa.

An haifi Aɗa'u a garin Janad na ƙasar Yaman a zamanin halifancin Sayyidina Usman, ya tashi a Makka. Sunan mahaifinsa Aslam. Shi ba ɗan dangi ba ne a cikin Ƙuraishawa, bawa ne da aka 'yanta. Masu tarihi ba su ɓoye kamanninsa ba: baƙi ne wuluk, mai shimfiɗaɗɗen hanci, ido ɗaya gare shi, yana ɗingishi, hannunsa ɗaya ya nakasa, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya makance gaba ɗaya. To ka ga, duk abin da mutane ke raina mutum a kansa ya taru a jikin bawan Allah guda.

Amma sai ya riƙi karatu. Ya zauna gaban Abdullahi bin Abbas da Abdullahi bin Umar da Abu Huraira da Jabir bin Abdullahi, ya kuma ɗauki hadisi daga Nana A'isha, Allah ya ƙara musu yarda. An ruwaito cewa ya yi shekara 20 masallacin Harami ne makwancinsa. Da Ibn Abbas ya rasu, fatawar Makka ta koma hannunsa. A zamanin Banu Umayya har shela ake yi lokacin aikin hajji cewa kada kowa ya ba da fatawa sai Aɗa'u. Ibn Juraij ya daɗe yana almajiranci a wurinsa, Imamu Abu Hanifa da Auza'i da Laisu bin Sa'ad duk sun sha daga gare shi.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na halifa Sulaimanu bin Abdulmalik, wanda ya yi hajji a shekara ta 97 bayan hijira. An ce ya zo da 'ya'yansa biyu ya tarar da Aɗa'u yana sallah. Mai mulkin daular da ta kama daga Andalus har Sindu ya sami wuri ya zauna yana jira kamar kowa. Da malam ya sallame suka yi ta tambayarsa hukuncin aikin hajji yana ba su amsa, bai ko juyo ya fuskance su ba. Da suka tashi, Sulaimanu ya gargaɗi 'ya'yansa da kada su yi sakaci da neman ilimi, domin shi ba zai manta da yadda suka ƙasƙanta a gaban wannan baƙin bawa ba. Ku lura fa, ko a nan bakin sarki bai daina kiransa bawa ba, sai dai dole ta sa ya zauna.

Akwai kuma labarin wanzami. An ce Abu Hanifa ya je aski lokacin hajji, wanzamin ya yi ta gyara masa: ya fuskanci alƙibla, ya fara miƙa gefen dama, ya yi kabbara. Da ya tambaye shi inda ya samo wannan, sai ya ce Aɗa'u ya gani yana yi. Ashe iliminsa ya kai har ga masu aska a bakin hanya.

Aɗa'u ya rasu a Makka wajen shekara ta 114 bayan hijira, yana da shekara sama da 80.

'Yan'uwa mazauna Kudu, mun san zafin a kalli hularka ko rigarka a yanke maka hukunci tun ba ka buɗe baki ba. Mai turin ruwa ya sani, mai shayi ya sani, ɗan acaɓa ma ya sani. Amma wallahi da na gama fushi da maigadin nan sai na tambayi kaina, mu fa? A wurin ɗaurin aure wa muke shimfiɗa wa darduma, mai babban rawani ko mai karatu? Sau nawa aka hana yaro na gari aure saboda an ce kakansa bawa ne, ko ya cika baƙi, ko ƙafarsa ba daidai take ba? Da Aɗa'u zai shigo masallacin unguwarmu yau da sandarsa da ɗingishinsa, ina tsoron wani a cikinmu zai miƙa masa naira 100 ya nuna masa bakin ƙofa.

Shi dattijon da na raka, da asuba shi ya ja mu sallah kamar kullum. Allah ya tsare mu daga raina bayinsa, ya kuma gafarta mana wanda muka riga muka yi.