Rajaraja Chola: Yariman da ya jira sarauta shekara 15

In kana cikin masu bin finafinan Indiya, wataƙila ka ci karo da Ponniyin Selvan, wanda ya fito a 2022. To yariman nan da ake ta kai ruwa rana a kansa a fim ɗin ba ƙagagge ba ne. Ya rayu a ƙasar Tamil, kudancin Indiya, sama da shekara dubu da suka wuce. Ainihin sunansa Arulmozhi, ɗan Sarki Sundara na gidan sarautar Chola.

Wajen shekarar 970 aka yi wa yayansa Aditya, mai jiran gado, kisan gilla. Bayan rasuwar mahaifinsu, wasu rubuce-rubuce da aka yi a kan faranten tagulla a zamanin ɗansa sun nuna cewa jama'a Arulmozhi suke so. Amma baffansa Uttama yana son kujerar, sai ya bar masa. Ka ɗan tsaya ka auna: kana matashi, kana da magoya baya, an kashe maka wa, amma ka ƙi tayar da yaƙin cikin gida. Da a yau ne, da an cika shafinsa da cewa matsoraci ne.

Sai a 985 ya hau gado, ya ɗauki laƙabin Rajaraja, wato sarkin sarakuna. Daga nan fa aka ga aiki. Ya yi galaba a kan sarakunan Chera da Pandya, ya ƙetara teku ya kama arewacin Siri Lanka da tsibiran Maldibs. Kar ka ɗauka waliyyi ne: dakarunsa sun ragargaza tsohon birnin Anuradhapura, jama'a sun ji jiki.

A gida kuwa, ya sa an auna gonaki domin a tsara haraji. A 1010 ya kammala wurin bautar Hindu na Brihadisvara a Thanjavur, babban birninsa. An gina shi da dutse, hasumiyarsa ta haura mita 60, kuma yana nan tsaye har gobe. A 1987 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da ya fi burge ni shi ne bangonsa: an sassaƙa kyautar sarki da ta yayarsa Kundavai, har da sunayen mata masu rawa kimanin 400 da abin da aka yanka musu na lada.

Kafin ya mutu a 1014, ya riga ya jawo ɗansa Rajendra cikin mulki, don kada a sake rikicin gado.

Kai da kake duba status ɗin abokai kana jin an bar ka a baya, ki ma ke da kike ganin sa'anninki sun wuce ki, ku lissafa: jiran shekara 15, mulkin shekara 29. Sai dai jiran bai amfane shi don ya daɗe ba, sai don ranar da dama ta zo ta same shi a shirye. Kai me kake yi da naka lokacin jiran?