Nana Asma'u 'Yar Shehu Da Malaman 'Yan Taru

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka darajar ilmi da ma'abutansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan mako filin zai waiwayi tarihin wata baiwar Allah wadda sunanta ba baƙo ba ne ga kowane Musulmin ƙasar nan, watau Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya yi musu rahama. Jama'a da dama sun san ta da waƙoƙi, amma kaɗan ne suka lura da irin dabarar da ta yi wajen riƙon malaman mata na ƙauyuka, waɗanda suke karantarwa ba aji, ba albashi, ba kuma hukumar da ta ɗauke su aiki. Wannan fanni na rayuwarta shi ne ya fi kamata malaman Islamiyya da na makarantun matan aure su duba a yau, domin halin da suke ciki bai yi nisa da na waɗancan mata ba.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel cikin shekarar 1793, daidai da 1208 ta Hijira. Sunan mahaifiyarta Maimuna. 'Yan biyu aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan, amma Shehu bai raɗa mata sunan da aka saba ba tagwaye ba, sai ya sa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Ta tashi a gidan da karatu yake kamar cin tuwo, maza da mata kowa da allonsa ko littafinsa. Shehu kansa ya yi suka mai zafi, a cikin littafinsa Nurul Albabi, ga malaman da suke tara almajirai a zaure alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhun jahilci. Saboda haka a Ɗegel ba a ɗauki karatun 'ya mace abin mamaki ba. Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tasawwufi, ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin 1804. Ta ga wahalar shekarun jihadi da idonta: yunwa da ciwo da tafiyar ƙasa da mutuwar dangi, tun daga nasarar Tafkin Kwatto, zuwa asarar da aka yi a Tsuntsuwa da Alwasa, har ranar da aka ci Alƙalawa cikin 1808. A cikin waɗannan shekaru ne aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin wanta Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu cikin 1817, aka yi wa Bello mubaya'a, sai Giɗaɗo ya zama Wazirinsa, gidansu a Sakkwato kuwa ya zama matattarar malamai da baƙi da littattafai. Biyu daga cikin 'ya'yanta, Abdulƙadir da Abdullahi Bayero, sun riƙi wazirci, kuma marigayi Waziri Junaidu daga wannan zuriya ya fito.

To, yaƙi yana cin gari, amma ba ya karantar da mutanen garin. Bayan ƙura ta lafa, sai aka wayi gari ƙauyuka da garuruwan ribaɗi cike da mata waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. Waɗansu gwauraye ne, waɗansu kamammu ne daga Gobir da Kabi da sauran wurare. Da yawansu ba su san farillan alwala ba, balle hukuncin haila da idda da gado, kuma idan ciwo ko baƙin ciki ya same su, bori suka sani. Su ne kuwa masu renon 'ya'yan da za su gāji daular. Ba zai yiwu a tara su a makarantar allo ba, domin matar aure ba ta barin ɗakinta da aikinta ta tafi birni neman karatu, malami namiji kuma ba ya shiga gidan wani. Wannan ita ce matsalar da Nana Asma'u ta fuskanta wajen shekarun 1830.

Dabarar da ta yi ita ce ta kai makaranta inda matan suke. A ƙauyuka ta riƙa zaɓen dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda mutanen wurin suka yarda da ita, ta naɗa ta jaji. Wannan suna daga fatake aka aro shi, domin jaji shi ne mai ja-gorar ayari. Mabiyan waɗannan mata su aka kira 'Yan Taru, watau masu taruwa. Jaji ba sai ta zama malamar da ta sauke manyan littattafai ba. Abin da ake nema gare ta shi ne ta riƙe abin da aka ba ta daidai, ta kuma isar da shi ba ƙari ba ragi.

Abu na farko da Nana Asma'u ta ba kowace jaji shi ne mutunci a idon jama'a. Takan ɗora mata malfa, ta naɗe ta da jan ƙyalle. Malfa kuwa a ƙasar Gobir alama ce ta Inna, shugabar masu bori, wadda kowa yake jin tsoronta. Sai Nana ta ɗauki alamar da mata suka riga suka san girmanta, ta mai da ita kan mai karantar da addini. Duk inda jaji ta ratsa da malfarta, an san wadda ta aiko ta, ba mai tare ta, ba mai raina maganarta.

Abu na biyu shi ne kayan aiki. Littafin hannu yana da tsada, masu iya karanta shi kuma kaɗan ne, saboda haka sai ta mai da darasi waƙa, wadda mace za ta iya rerawa tana kaɗi ko tana daka. Ta tsara Sunago, gajeriyar waƙa mai jera sunayen surorin Alƙur'ani duka 114. Ta mai da waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa cikin 1831, ita ce Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗi ga masu mulki da talakawa. Ta yi Goɗaben Gaskiya a kan aikin da ke kai mutum Aljanna da wanda ke kai shi wuta, ta yi Begore a kan tarihin Ma'aiki da begensa. A cikin Tabshirul Ikhwani, da Larabci, ta tattara abin da ya zo na neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, domin mai son raba mace da bori dole ya nuna mata inda za ta dosa idan ɗanta ya kwanta ciwo. Ayyukanta da suka iso wannan zamani sun kai kimanin 60.

A cikin waɗannan akwai wadda ta fi shafar zukatan malaman kansu, watau Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, wadda ta tsara wajen 1837 bisa wani littafin nasiha na Sarkin Musulmi Bello. A ciki ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, da waliyyai mata irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta haɗa da malamai mata na jama'ar Shehu waɗanda mutane suka sani da idonsu. Dattijuwar da take karantar da mata biyar a bayan rumbu, idan ta rera wannan waƙa, sai ta ga ashe tana cikin wani dogon jeri ne wanda ya faro tun daga Madina.

Abu na uku, wanda shi ne ginshiƙin sauran, shi ne haɗuwa. Idan an kawar da amfanin gona, hanya ta bushe, sai kowace jaji ta ɗebi ayarinta, 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba da tsofaffin da suka gama haihuwa, su kamo hanyar Sakkwato a ƙasa suna tafe suna waƙa. Ta ƙofofin birni suke shigowa, kowane ayari ta ƙofar da ke fuskantar ƙauyensu, na wajen Dundaye ta Ƙofar Dundaye, na wajen Kware ta Ƙofar Kware, har su isa gidan Waziri. A can ake sauke su. Su biya abin da suka riƙe a gyara musu, su karɓi sabon darasi, su kawo tambayoyin matan auren da suka baro a gida, a ba su amsa su koma da ita. A can kuma jaji take ganin 'yar'uwarta jaji daga wani gari, su san juna, kowace ta ji yadda ɗayar take fama. Sukan zo da 'yar sadakarsu, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare, Nana kuwa ta raba wa marasa lafiya da gajiyayyu. Ta haka mai koyo ya zama mai bayarwa, ba wanda ya zo hannu rabbana.

Karatun 'Yan Taru bai tsaya ga baki ba. An san su da wankan gawar mace, da taimakon mai haihuwa, da sharar masallaci, da duba marayu, da sulhunta masu husuma. Wannan aiki ne ya sa ƙauye ya riƙe jajinsa da hannu biyu, domin kowa ya san ranar da zai bukace ta.

Har mutuwa ba ta raba Nana da malamanta ba. Ta yi wa Bello marsiyya da ya rasu cikin 1837, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, amma ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi Alhinin Mutuwar Halima, wata maƙwabciyarta mai kirki da gyara tsakanin dangi. Ta kuma yi marsiyyar Hauwa'u, wata jaji wadda ta daɗe tana kawo ayarin mata gare ta. 'Yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, wadda malamai daga nesa har ƙasar Shinƙiɗi suke musayar rubutu da ita, ta zauna ta yi wa malamar ƙauye kuka a rubuce. Ba don haka ba da sunan Hauwa'u ya bi iska kamar na dubbai irinta.

Nana Asma'u ta rasu cikin 1864, daidai da 1280 ta Hijira, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Aikin bai mutu da ita ba, domin ba a kanta kaɗai ta gina shi ba. Ƙanwarta Maryam ta ɗauka, bayanta kuma Tamodi ta ci gaba, har Turawa suka ci Sakkwato cikin 1903 ayarin mata bai yanke ba. Cikin 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga ayyukanta a haɗe, har waɗansu mata Musulmi a Amurka suka kafa ƙungiya da sunan 'Yan Taru. A yankin Dundaye kuwa, inda ƙafafun irin waɗannan mata suka taka, nan ne mazaunin Jami'ar da ke ɗauke da sunan mahaifinta.

Mai karatu ya dubi unguwarsu. Akwai malamar da take karantar da matan aure bayan Isha'i, akwai malamin tsangaya, akwai mai bin 'ya'yan makiyaya ruga-ruga. Yawancinsu ba sa barin aikin saboda wuyarsa. Abin da ke karya su shi ne kaɗaici: ba mai tambayar yadda suka kwana, ba wanda za su kai wa mas'alar da ta shige musu duhu, ba mai gyara musu kuskure cikin sirri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata manyan malamai su buɗe zaurukansu ga waɗannan bayin Allah ko da sau ɗaya a wata, masu unguwanni su girmama su a bainar jama'a, mawadata su ɗauki nauyin littattafansu, su kuma malaman su riƙa ziyartar juna, wanda ya fi sani ya ja wanda bai kai shi ba. Makarantu da yawa suna ɗauke da sunan Nana Asma'u, wannan kuwa abu ne mai kyau, amma raya hanyarta ya fi rubuta sunanta a bango.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u da Hauwa'u da dukan matan da suka ɗauki malfa domin Sa. Allah Ya ƙarfafi malaman da ke wannan aiki, Ya haɗa kansu, Ya saka musu da mafificin sakamako, amin.